Foldarka Ba Ta Ɓata Ba: Inda Za Ka Nemo Ta Bayan Sabunta Windows

 Tun ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da Microsoft ya daina kula da Windows 10, mutane da yawa ke komawa Windows 11. Kukan da aka fi ji bayan an gama shi ne: "Na kunna kwamfuta, foldata babu ita." Wani aikin jarrabawa ne a ciki, wani hotunan biki. A mafi yawan lokuta kayan suna nan. Abin da ke hallaka su shi ne gaggawar da mai su zai yi.

Mu fara da tsarin ajiyar. Kowane mai amfani da kwamfuta yana da ɗakinsa a cikin C:\Users, mai ɗauke da sunansa. Desktop da Documents da Pictures duk a cikin ɗakin nan suke. Abin da kake gani a fuskar kwamfuta hanya ce kawai zuwa can. In hanyar ta sauya, sai ka ga fili fayau, alhali ɗakin bai motsa ba.

Hakan na faruwa idan Windows ta kasa buɗe asusunka bayan sabuntawa, ta shigar da kai asusun wucin gadi. Za ka ga hoton bango ya canza, kamar sabuwar kwamfuta. Kada ka ajiye komai a nan, domin duk abin da ka ajiye zai goge da zarar ka fita. Sake kunna na'urar sau ɗaya ko biyu. Sau da yawa wannan ya wadatar. In bai yi ba, shiga C:\Users da kanka, za ka tarar da folda mai sunanka kusa da wata mai suna TEMP.

Na biyu ya fi ɗaure kai. Ga foldar kana gani, amma ka danna ta ce ba ka da izini. Dalili kuwa, Windows ba da suna take gane mutum ba. Kowane asusu yana da doguwar lambar shaida da ke farawa da S-1-5-21, kuma da ita ake rubuta mai folda. Idan mai gyara ya ɗora sabuwar Windows ya buɗe maka asusu da ainihin sunanka na da, lambar sabuwa ce. Kamar Musa biyu ne a aji ɗaya: suna ɗaya, lambar rajista daban, kuma makullin akwatin wannan ba ya buɗe na wancan. Mai asusun shugaba yakan danna Continue kawai ƙofa ta buɗe. In ta ƙi, sai a bi Properties, Security, Advanced, a sauya mai foldar. A yi wa foldar da ake nema kaɗai. Wanda ya yi wa C: gaba ɗaya zai iya rikita Windows ɗin kanta. In kuwa kwamfutar makaranta ce, ka kira malam. Wata foldar da gangan aka kulle ta.

Sai batun Windows.old, kuma a nan ne lokaci yake ƙurewa. Yayin sabuntawa, Windows takan tattara tsohon tsari ta zuba a wannan folda a cikin C:. Idan an ɗora sabuwa ba tare da an yi fomatin ba, tsofaffin kayanka suna cikin Windows.old\Users. Sai dai ba ajiyar dindindin ba ce: bayan sabuntawa, kwana 10 ake ba ta kafin Windows ta share ta da kanta. Wasu ma ba sa bari kwanakin su cika. Suna ganin ta cinye wuri sai su share ta da Disk Cleanup, su share kayansu da hannunsu. Ka kwashe naka zuwa filashi tun a ranar farko.

Ka kuma leƙa foldar OneDrive, don in an kunna ajiyarta, Desktop da Documents can suke komawa. Sannan a View, Show, ka kunna Hidden items ko foldar ɓoye ta aka yi. Masu waya ma sun san irin wannan: daga Android 11 foldar WhatsApp ta koma cikin Android/media/com.whatsapp.

Shin sabuntawa ta taɓa goge kaya da gaske? Ta taɓa. A Oktoban 2018, sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809 ta share fayilolin wasu mutane, har kamfanin ya dakatar da ita cikin 'yan kwanaki, bai sake sakinta ba sai 13 ga Nuwamba. In ka duba duk wuraren nan babu, ka daina amfani da kwamfutar nan take. Fayil da aka goge yakan zauna a rumbun ajiya har sai wani sabon abu ya hau kansa, don haka ko waƙa ɗaya ka sauke, kana iya danne shi. Kashe ta, ka kai wa wanda ya iya dawo da fayil, ka kuma gaya masa tun daga bakin ƙofa cewa ba fomatin ka zo yi ba.