Doki da Ruwan Sha: Bokiti Nawa a Rana?

A darasin noma na wannan zango malaminmu ya jefa mana wata tambaya: lita nawa na ruwa doki yake sha a rana? Wani ya ce bokiti ɗaya, wani ya ce biyu, wani kuma ya ce ai doki ya san cikinsa, in ya ji ƙishirwa zai nema. Da yawa daga cikinmu mun tashi muna ganin dawaki a barga ko a hawan Sallah, amma ba wanda ya taɓa aunawa.

Ga ma'aunin da likitocin dabbobi suke bi. Dokin da yake hutawa, ba a cikin zafi ba, yana bukatar kimanin lita 5 a kan kowane kilo 100 na nauyinsa. Ke nan babban doki mai kilo 500 zai sha wajen lita 25, wato jarka guda irin ta 'yan garuwa. Dawakinmu na nan ba su cika kai wannan girma ba. In muka ɗauki mai kilo 350, lissafi zai ba mu lita 17 zuwa 18. To amma a lura, wannan shi ne mafi ƙanƙanci, na dokin da yake tsaye a inuwa ba ya aikin komai.

Abinci shi ne abu na farko da yake canja lissafin. Ɗanyar ciyawar damina, kusan kashi 80 cikin 100 nata ruwa ne, saboda haka doki yana ci yana sha a lokaci guda. Harawa kuwa ruwan da ya rage a cikinta bai wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Da zarar kaka ta wuce aka koma harawa da dusa da dawa, duk ruwan da ciyawa take ba shi sai ya fito daga bokiti. A nan ne masu doki da dama suke yin kuskure: abinci ya canja, amma bokitin yana nan yadda yake, ɗaya da safe ɗaya da yamma.

Na biyu kuma zufa. Doki da zufa yake sanyaya jikinsa kamar mu, kuma in yana sukuwa cikin rana yakan zubar da lita 10 zuwa 15 cikin awa ɗaya. Mu tuna da dokin hawan Daushe a Kano in Sallah ta faɗo a bazara, ga zafi ya haura digiri 40, ga sirdi da kayan ado, ga mahayi. Irin wannan doki bukatarsa takan ninka sau biyu, ko ma sau uku. Goɗiya mai shayarwa ita ma sai an ƙara mata sosai.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, abokinmu da ya ce doki ya san cikinsa bai yi daidai ba. Zufar doki tana fita da gishiri mai yawa, har takan bar fari-fari a jikinsa in ta bushe. Idan ruwa da gishiri suka tafi tare, jiki ba ya saurin jin ƙishirwa, sai doki ya kau da kai daga bokiti alhali yana bukata. Shi ya sa ake sa masa gishiri, kamar cokali ɗaya ko biyu a dusa kowace rana, ko a ajiye masa na lasa. Kanwar da aka saba bayarwa ba ta maye gurbinsa.

In ruwa ya gaza, busasshen abinci yakan cushe a babban hanji ya toshe shi. Doki kuwa ba ya amai. Sai a ga yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana birgima. Wannan ciwon ciki yana kashe doki, kuma ba na jiƙe-jiƙe ba ne, na kiran likita ne nan take.

Akwai tsohuwar magana cewa kada a shayar da doki yana dawowa daga gudu. Binciken da aka yi saboda gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta, Amurka, inda aka yi wasannin dawaki cikin zafi, ya nuna ba laifi a bar shi ya sha, a kuma kwarara masa ruwan sanyi a jiki. A wannan lokaci ne ma ya fi son sha.

Mun koyi yadda ake dubawa. A tsunkuli fatar wuyansa a saki: in ba ta koma ba cikin daƙiƙa 2, da alamar ƙarancin ruwa. A ɗaga leɓensa, dasashi ya kamata ya kasance da damshi, ba ya manne wa yatsa. A dubi kashinsa, in ya fito ƙanana a bushe, a ƙara ruwa. Hanya mafi sauƙi dai ita ce a bar baho cike a kusa da turke dare da rana, a riƙa wanke shi, domin doki yana ƙyamar ruwa mai wari, a kuma riƙa ƙirga yawan bokitin da aka zuba.