Ɗan Manomi da Kujerar Jami'a a Ƙasar Katagum

Jama'a, duk aikin da hukuma ta ce za ta yi da kuɗinku, ku fara yi mata tambaya guda: ɗan manomi zai ci moriyarsa kamar yadda ɗan attajiri zai ci?

Ku dubi Azare. Tun da fadar Sarkin Katagum ta koma can a 1916 garin yake bunƙasa. Yau ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga jami'ar jiha a Gadau da ke kusa, ga kuma jami'ar tarayya ta ilimin kiwon lafiya da aka amince a kafa a 2021. Alhamdu lillahi. To amma su wa za su zauna a kujerun? Jami'a sakamakon jarrabawa take dubawa, shi kuwa sakamako daga firamare yake farawa. Yaron ƙauye a Zaki ko Gamawa, wanda ambaliya kan raba da makaranta da damina, in ya je ma wani lokaci ya tarar babu malami, an kayar da shi tun ba a kaɗa gangar kokawa ba. Ƙanwarsa kuwa tana can da farantin talla.

Wani zai ce kowa da rabonsa. Haka ne, ba kowa zai zama likita ba, kuma ba a ce hukuma ta daidaita arzikin mutane ba. Hanya aka ce ta buɗe wa kowa. Sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati samar da ilimi ga kowa daidai wa daida, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta mai da karatun shekara 9 na farko kyauta kuma tilas.

Rabon guraben karatu tsakanin ƙananan hukumomi yana da amfani, amma a lura. Sau da yawa gurbin Shira ko Giaɗe yakan faɗa hannun yaron da ya tashi a Abuja, wanda bai san garin ba sai ranar karɓar takardar shaidar ɗan asali. A takarda an yi adalci, na gida kuwa ko labari bai ji ba.

Saboda haka in kansila ko ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a, kada ku tsaya kan sabon gini da fenti. Ku tambaye shi malamai nawa aka tura ƙauye bana, nawa ne suka zauna, da kuma yaushe za a gyara kwalbatin da ke hana yara tsallakewa.