Intanet Marar Waya a Cikin Gida: Bayani Game da Tsarin Raga

Magidanta da yawa a ƙasar nan suna kuka da abu guda. Mutum ya biya kuɗin intanet na wata, an kafa masa rauta a falo, amma da ya shiga turakarsa ko ya hau bene sai sigina ta ɓace. Yara masu karatu su taru a bakin ƙofar falo, uwargida kuwa sai ta fito tsakar gida kafin ta ji muryar ɗanta da ke ƙasar waje. Galibi akan ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, har wani ya sake kamfani sau biyu ko sau uku, alhali kuwa matsalar tana cikin ginin gidansa. Wannan bayani an shirya shi ne domin mai karatu ya fahimci inda cikas ɗin yake kafin ya fitar da kuɗinsa.

Abin da ake kira Wi-Fi ba wani abu ba ne illa rediyo. Rauta ƙaramar tasha ce mai watsawa da karɓa, wayar hannu da kwamfuta da talabijin su ma haka. An fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1997. Duk wanda ya saba da akwatin rediyo ya san bambancin gajeren zango da matsakaicin zango. To, shi ma Wi-Fi yana da nasa zangunan. Akwai zangon gigahaz 2.4, wanda yake tafiya nesa, yana kuma iya ratsa bango gwargwado, sai dai ba shi da sauri sosai, ga cunkoso, gama na'urorin maƙwabta da tukunyar ɗumama abinci ta lantarki duk a nan suke. Akwai zangon gigahaz 5, mai sauri amma gajeren ƙafa. Sababbin na'urori sun ƙara na uku, watau gigahaz 6, wanda ya fi na biyun gajarta.

Ƙarfin wannan rediyo kaɗan ne ƙwarai, da gangan aka yi shi haka. Saboda haka kowane bango yana rage masa ƙarfi. Bangon bulo da siminti yana rage da yawa, rufin kankare mai rodi ya fi shi, ƙofar ƙarfe da kwanon rufi da babban madubi kuwa mayar da shi baya suke yi. Ruwa shanye shi yake, don haka tankin ruwa ma shamaki ne. Katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajenmu ita ma ba ta raga masa. In aka haɗa wannan da yadda muke gini, zaure a gaba, sashen maigida daban, ɗakunan mata a can ciki, ɗakin samari a waje, sai a ga cewa rauta ɗaya ba za ta taɓa wadatar da irin wannan gida ba, kamar yadda fitila ɗaya ba ta haska ɗaki biyar.

Mene ne tsarin raga?

Tsarin raga shi ne a rarraba tashoshi biyu ko uku ko fiye a cikin gida, suna magana da junansu, amma dukansu suna amsa suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. A jikin kwali za a ga an rubuta kalmar Mesh, ma'anarta ke nan raga. Tasha ɗaya ita ce uwa, ita ake haɗawa da akwatin da kamfanin sadarwa ya kawo. Sauran 'ya'ya ne, suna miƙa saƙo hannu da hannu har ya kai ga uwar, kamar yadda leburori suke miƙa kwanon kankare daga ƙasa zuwa saman gini. Mutum yana tafe da wayarsa daga zaure zuwa cikin gida, ita kuwa tana sakin wannan tasha tana kama waccan ba tare da ya taɓa kome ba. In kuma wata tasha ta mutu, sauran sukan nemi wata hanya da kansu, muddin akwai wadda suke iya jiyowa.

Dabarar ta daɗe a manyan ma'aikatu, amma sai a 2016 ta shiga gidaje sosai, lokacin da Eero da Orbi na kamfanin Netgear da Google Wifi suka fito kasuwa a Amurka. Deco na kamfanin TP-Link ya biyo baya a 2017.

Kafin wannan akwai wata 'yar na'ura mai araha da ake soka wa a soket don ta ƙara wa sigina nisa, har yanzu ma ana sayar da ita. Aibinta shi ne yawancinta da rediyo ɗaya take saurare, da shi kuma take maimaitawa. Aikinta ya zama irin na tafinta: sai mai magana ya yi shiru sa'an nan ya faɗi nasa, zancen minti biyar ya koma na minti goma. Ta haka ne sauri yakan ragu da kamar rabi. Ga wanda ɗaki ɗaya tak ne yake ba shi wahala, tana iya isarsa. Ga babban gida kuwa asarar kuɗi ce.

Wanda bai kamata ya saya ba

Lalle ne a fahimci wannan tun da wuri: tsarin raga ba ya ƙara yawan intanet ɗin da ke shigowa gida, rarraba shi kawai yake yi. In ruwan da ke zuwa daga babban bututu ɗigo ne, ƙara kan famfo goma a gida ba zai cika randa ba. Don haka gwaji ya kamata ya riga ciniki. Mutum ya tsaya dab da rautarsa ya auna sauri da manhajar Speedtest, sa'an nan ya je ɗakin da ake kuka da shi ya sake aunawa. In a wurin rautar ma abin ba ya tafiya, to maganar tsakaninsa da kamfani ce, kuma in kamfani ya ƙi saurarensa, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, tana karɓar koke kyauta a lamba 622. In kuwa a kusa akwai sauri, a nesa babu, to ginin ne.

Ko a nan ma kada a yi gaggawa. Sau da yawa za a tarar an ɓoye rauta a bayan talabijin, ko a cikin kabad, ko a ƙasa a kusurwar falo don kada ta ɓata ado. A fito da ita, a ɗora ta a sama, a wuri mafi kusa da tsakiyar gida. Mai ɗaki biyu da falo sau da yawa wannan kaɗai ya ishe shi, bai kashe ko kwabo ba.

Yadda za a zaɓa

Abu na farko da ke ruɗin mai saye shi ne manyan lambobin da ke jikin kwali. Alal misali, in an rubuta AC1200, ba ana nufin waya za ta sami megabit 1200 a daƙiƙa ba. An tara iyakar zango biyu ne, 300 da 867, aka cike lissafi. Waya kuwa zango ɗaya take kamawa a lokaci guda, kuma ko shi ba ta samun iyakarsa. Haka nan faɗin filin da aka ce tashoshin za su rufe. Yawancin gidajen Amurka bangayen cikinsu na katako ne da siririn allo, ba su tare sigina kamar bulo. Mai gidan siminti ya rage wannan alkawari sosai a zuciyarsa, ya ƙidaya bangaye maimakon murabba'in mita. Gidan bene yana bukatar aƙalla tasha ɗaya a kowane hawa.

Sai maganar tsara. Wi-Fi 5 tsoho ne amma yana aiki, Wi-Fi 6 ya fito a 2019, Wi-Fi 7 kuma aka fara ba shi shaidar inganci a farkon 2024. A ganinmu Wi-Fi 6 shi ne daidai ga yawancin gidaje, don ya fi iya ɗaukar na'urori masu yawa a lokaci ɗaya. Sayen Wi-Fi 7 alhali wayoyin gidan ba su san shi ba, intanet ɗin da ke shigowa kuma bai wuce megabit 50 ba, kamar sayen babbar mota ne don ɗaukar buhu guda. Kamfanin Netflix ma megabit 15 ya ce ya isa a kalli fim mafi kyawun hoto a talabijin ɗaya.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma mai shago bai cika ambatonsa ba, shi ne hanyar da tashoshin suke magana da junansu. A tsari mai zango biyu, hanyar da wayoyin gida suke bi ita ce tashoshin ma suke bi, don haka duk miƙawa ɗaya tana cin wani kaso na sauri, tasha ta uku a jere takan samu ragowa ne kawai. Tsari mai zango uku yakan keɓe zango guda don tashoshin, ya fi kyau, ya kuma fi tsada. Amma abin da ya fi duka shi ne a haɗa tashoshin da kebul. Kebul ɗin kwamfuta, irin wanda ake kira Cat6, yana kai saƙo har mita 100 ba ruwansa da bango ko kankare. Tsari mai araha da aka haɗa da kebul yakan fi mai tsada da aka bari a iska. Wanda ke cikin gini yanzu ya sa a binne masa bututun wannan kebul tare da na lantarki, zuwa kowane hawa da kowane sashe. A duba kuma ramukan kebul na jikin tasha, gama wasu masu araha iyakarsu megabit 100, ya kamata a nemi masu gigabit.

Kada a gauraya kamfanoni. An fito da wata ƙa'ida mai suna EasyMesh a 2018 don na'urorin kamfanoni daban-daban su yi aiki tare, amma ba kowa ya bi ta ba.

Ko a Computer Village ta Ikeja za a saya, ko a Farm Centre ta Kano, ko a Banex ta Abuja, a karɓi rasit, a kuma yi sharaɗin mayarwa in bai yi aiki ba. NCC tana tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su a ƙasa, tana kuma wallafa sunayen waɗanda ta amince da su. Mai sayen na hannu ya yi hattara: wasu tashoshin suna ɗaure da asusun mai su na farko, ba za su karɓi sabon ubangida ba sai ya sake su, wasu kuma kamfaninsu ya daina aiko musu da gyara. A karanta jikin cajar, a tabbata an rubuta 100 zuwa 240, domin wutarmu 230 ce, ta Amurka 120.

Kafawa da kulawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai 'yar tasha cikin ɗakin da babu sigina. Tashar da ba ta jin uwarta ba ta da abin miƙawa. Wurinta shi ne tsakanin uwar da wannan ɗaki, inda sigina take da sauran ƙarfi, kada bango ya wuce ɗaya ko biyu a tsakaninsu. Baranda da kan matakala da kusa da taga mai kallon tsakar gida wurare ne masu kyau. Yawancin tsare-tsaren suna da manhaja a waya da ke nuna ko wurin ya yi. In akwatin kamfani shi ma yana watsa nasa Wi-Fi, a kashe nasa, don kada su riƙa hayaniya da juna.

Wutar lantarki ita ce babbar jarrabawa a wurinmu. Kowace tasha sai da wuta, kuma duk lokacin da aka ɗauke aka kawo, sai sun ɗauki 'yan mintoci kafin su sake samun juna. Ba su da ci: in muka ɗauka kowace tana jan wat 10, guda uku za su ci kamar yunit 22 a wata in ba a kashe su ba dare da rana. Mai inbata ko sola ya tabbata soket ɗin kowace tasha yana kan layin, musamman uwar, don in ta mutu duk gidan ya mutu. Akwai kuma ƙananan batura da ake yi musamman don rauta. Da damina tsawa takan bi kebul ta ƙone na'ura, saboda haka kebul ɗin da zai ratsa fili zuwa wani sashe a binne shi cikin bututu, a sa masa abin kariya. Zafi da ƙurar hunturu ma suna rage musu kwana. Kada a lulluɓe su da ƙyalle, a riƙa share ƙofofin iskarsu.

Wasu iyaye suna tsoron ko wannan rediyo yana cutar da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2006 cewa ba a sami gamsasshiyar hujja ba cewa raunanan igiyoyin irin waɗannan na'urori suna lahani ga lafiya.

Haɗarin da yake na gaske shi ne na ɓarayi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarorin tsaro a duniya, ba da wata gwaninta ba, sai don masu su ba su sake kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba. Kalmomin sirri biyu ne a tsarin, ta shiga Wi-Fi da ta mai iko da na'ura, duka biyun a sake su ran da aka kafa. Kada a sa lambar waya ko sunan ɗa ko shekarar haihuwa. A zaɓi kullen WPA3, wanda ya fito a 2018, in wata tsohuwar na'ura ta ƙi shi a koma WPA2. Wanda ake kira WEP kuwa an daɗe da karya shi. A bar tsarin ya riƙa sabunta manhajarsa da kansa.

Mu mutane ne masu baƙi, kuma da wuya maigida ya iya hana ɗan'uwa ko maƙwabci kalmar sirri. Amma kalmar da aka ba mutum ɗaya da safe, kafin magariba samarin layi duk sun same ta, datar wata ta ƙare a mako biyu. Maganin wannan yana cikin na'urar: kusan kowane tsarin raga yana ba da damar buɗe wata ƙofa ta daban don baƙi, mai nata suna da kalmar sirri, wadda ba ta kai wa ga kwamfutar maigida ko kyamarorin gida. Ita za a riƙa bayarwa, a sake kalmarta duk wata. Manhajar tana nuna jerin duk na'urorin da ke kan layi, ana iya korar wadda ba a sani ba, ana kuma iya yanke wa wayoyin yara intanet da dare. Sai dai a tambaya kafin a biya, domin wasu kamfanonin sun mayar da wani sashe na wannan kulawa abin biyan kuɗi duk wata, kuma da kuɗin waje ake biya.