Tambayoyi Kan Shan Giya a Ɗakin Likita: Me Suke Iya Ganowa?

Duk mara lafiyan da ya zauna gabana, ɗan kasuwa ne ko direba, mace ko namiji, nakan tambaye shi ko yana shan giya. Wani ya yi dariya, wani ya ce, "Subhanallahi, likita, ni kuwa?" Ba zargi ba ne. Hantar da ciwon hanta nau'in B ya raunana, ko wadda ke ɗauke da nauyin maganin tarin fuka, ba ta jure giya. Wanda kuma ya saba sha kullum, in aka kwantar da shi ya daina farat ɗaya, yana iya faɗawa cikin karkarwa da jijjiga da gushewar hankali a kwana biyu zuwa uku. Gara mu sani tun da wuri.

Muna da gajerun tambayoyi na wannan aiki. Akwai CAGE, guda huɗu, da Dokta John Ewing na Amurka ya wallafa a 1984: Ka taɓa jin ya kamata ka rage sha? Kana jin haushin masu yi maka faɗa a kai? Ka taɓa yin nadama? Ka taɓa karya kumallo da giya don jikinka ya daidaita? Amsa biyu da "e" sun isa a zurfafa bincike. Sai AUDIT, tambayoyi goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 bayan gwaji a ƙasashe shida, har da Kenya. Makinsa daga 0 zuwa 40 ne, kuma daga 8 ake fara damuwa. Ukun farko kaɗai, masu tambayar yawan sha, su ake kira AUDIT-C.

Suna aiki kuwa? Suna yi, amma kamar rariya suke: suna ware wanda za a ƙara dubawa, ba su yanke hukuncin cuta. CAGE ya fi kama wanda giya ta riga ta zame masa jiki, yakan tsallake mai shan ganganci da bai kai can ba. Kuma tun da "ka taɓa" yake tambaya, mutumin da ya tuba shekara goma yana iya samun maki.

A wurinmu matsalar ta fi haka. Inda addini ya haramta giya kuma jama'a ke ƙyamarta, wanda ya kurɓa sau ɗaya ma zai yi nadama, kuma za a yi masa faɗa. Ga maki biyu nan ba tare da cuta ba. Shi kuwa mai sha sosai, in matarsa ko yayansa na tsaye a kansa, "a'a" zai ce wa komai. Shi ya sa na fi dogara da AUDIT, wanda yawancin tambayoyinsa kan shekarar da ta gabata suke.

Shi ma sai an yi hattara da ma'auni. Ma'auni ɗaya na sha a lissafin AUDIT giram 10 ne na zallar barasa. Babbar kwalbar giya mai mililita 600 ta kusa giram 24, don haka mai cewa "kwalba biyu kawai" ya kusa shan ma'auni biyar. To ina ga ƙwaryar burkutu, wadda ƙarfinta ya danganta da hannun mai dafawa, ko ƙananan ledojin barasar nan na tasha? Nakan ce mutum ya kwatanta min girman ƙwaryar da hannunsa, sannan in tambayi sau nawa ake cika masa. Ko makin 8 ɗin ba saukakke ba ne: binciken da aka wallafa a 2005 kan ɗaliban jami'a a Ile-Ife ya nuna maki 5 ya fi dacewa da su.

Abokan aiki, ku sallami 'yan rakiya kafin ku tambaya, ku tambayi kowa, ku bar wa'azi ga masu shi. Kai kuma ɗan'uwa, abin da ka faɗa wa likita amana ce a wuyansa. Faɗi gaskiyar abin da kake sha, domin da ita za mu zaɓa maka maganin da ba zai cuci hantarka ba.