Ƙaramin Injin Ɗab'i

A zamanin da, injunan ɗab'i manya ne, masu tsada ƙwarai. In ƙaramin ɗan kasuwa yana bukatar rasit ko takardar talla, tilas ya tafi maɗaba'a, ya biya kuɗi mai yawa, sa'an nan ya yi ta jira.

A shekarar 1872 wani mutumin Amurka, William Kelsey, ya fara sayar da wani ɗan inji mai suna Excelsior, wanda ake ɗorawa bisa tebur. A Ingila kuma aka kafa kamfanin Adana a 1922. Injinsu da ya fi shahara ya fito a 1953, yana buga shafi mai tsawon inci 8 da faɗin inci 5. Masu kantuna da 'yan makaranta suka yi ta saye.

Ga yadda ake aiki da shi. Haruffan na dalma ne, kowane da gindinsa, kuma a juye suke. Mai ɗab'i yakan jera su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su tam cikin firam na ƙarfe. Sai ya shafa tawada bisa wani faifai da ke saman injin. In ya danna mariƙi, sai waɗansu sanduna masu laushi su mirgino, su shafa wa haruffan tawada, takarda kuma ta haɗu da su. Kowane danni takarda ɗaya yake bugawa.

Aikin nan yana son natsuwa. Da yake haruffan a juye suke, "b" takan yi kama da "d". In ya sa harafi ɗaya ba daidai ba, ya buga takarda 500, to, duka 500 sun ɓaci. Saboda haka mai hankali yakan buga guda ɗaya tukuna, ya karanta ta a tsanake.

Ba a raina ƙaramin inji. A 1917 Leonard Woolf da matarsa Virginia suka sayi irinsa, suka ajiye bisa teburin cin abincinsu. Daga nan kamfanin littattafai na Hogarth ya samo asali.

Yanzu kwamfuta ta karɓe aikin, amma masu sha'awa suna gyara tsofaffin injunan, suna buga katin gayyata da su.

Tambayoyi
1. Wane ne ya fara sayar da Excelsior?
2. Don me ake fara buga takarda ɗaya tukuna?