Nazari: Darasin Da Masu Saka Jari Za Su Koya Daga Rediyon Tauraron Ɗan Adam A Amurka

A harkar watsa shirye-shirye, babbar kadarar kamfani ita ce lasisin da hukuma ta ba shi, tare da sharuɗɗan da ke rataye a jikinsa. Duk wanda ya sayi hannun jari a irin wannan kamfani bai karanta waɗannan sharuɗɗa ba, to ya sayi kaya ne a cikin duhu. Tarihin kamfanonin XM da Sirius na ƙasar Amurka ya isa misali a kan haka.

Asalin harkar

A watan Afrilun 1997 ne Hukumar Sadarwa ta Tarayyar Amurka, wato FCC, ta yi gwanjon lasisi biyu na watsa shirye-shiryen rediyo ta tauraron ɗan Adam. Kamfanin da daga baya ya zama XM ya biya kusan dala miliyan 90, wanda ya zama Sirius kuma ya biya kimanin dala miliyan 83. Hukumar ta gindaya sharaɗin cewa kamfani ɗaya ba zai mallaki lasisin biyu ba, ta kuma buƙaci a ƙera akwatin rediyo da zai iya kama tashoshin kamfanonin biyu. XM ya fara aiki a 2001, Sirius kuwa a 2002.

Tsarin cinikin shi ne mai sauraro ya sayi akwati na musamman, sannan ya riƙa biyan kuɗin wata-wata. Da yake harba tauraro da kula da shi na cin maƙudan kuɗi ko da mai sauraro ɗaya ne, riba ba ta samuwa sai masu biya sun kai miliyoyi. Saboda haka kamfanonin biyu suka shiga gasar sayen shirye-shirye masu tsada. A 2004 Sirius ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 500 ta shekara biyar da mai gabatar da shirye-shirye Howard Stern, XM kuma ya amince ya biya dala miliyan 650 cikin shekara 11 domin watsa wasannin babbar gasar ƙwallon gora ta Amurka. Masu saka jari sun jure asarar da ake tafkawa kowace shekara ne bisa fatan yawan masu biya zai ci gaba da hauhawa.

Inda aka saɓa wa doka

Matsala ta farko ta ɓulla a 2006, daga wata 'yar na'ura da ke cikin akwatunan da ake maƙalawa a mota. Aikinta shi ne ta miƙa sauti zuwa rediyon motar ta zangon FM, ba tare da waya ba. Doka ta ƙayyade ƙarfin da irin wannan na'ura za ta iya fitarwa, domin kada ta shiga cikin tashoshin da ke da lasisi. Gwaje-gwaje sun nuna cewa wasu akwatunan sun zarce iyakar, har direban da ke sauraron tasharsa ta gida kan ji shirin tauraro daga motar da ke kusa da shi. A watan Afrilu na wannan shekara XM ya sanar da masu hannun jarinsa cewa hukumar na bincike a kan ɗaya daga cikin akwatunansa. Daga bisani Sirius ya amsa cewa wasu ma'aikatansa ne suka nemi masu ƙera akwatunan su yi su ba bisa ƙa'ida ba.

Matsala ta biyu ta shafi tashoshin ƙara ƙarfin sauti da kamfanonin suka kakkafa a ƙasa, musamman a manyan birane inda dogayen gine-gine ke tare saƙon tauraro. A wancan lokacin waɗannan tashoshi suna aiki ne da izinin wucin gadi, wanda ya fayyace wuri da ƙarfin kowace. A watan Oktoban 2006 XM ya bayyana cewa fiye da 200 daga cikin nasa sun wuce ƙarfin da aka amince musu, Sirius ma ya rufe wasu daga cikin nasa. Ƙungiyar masu gidajen rediyo da talabijin ta Amurka, wadda dama ke ganin kamfanonin a matsayin abokan hamayya, ta yi amfani da waɗannan bayanai wajen matsa wa hukumar lamba.

Yadda abin ya taɓa aljihu

Tun kafin a yi maganar tara, ciniki ya riga ya ji jiki. An dakatar da ƙerawa da jigilar wasu akwatuna har sai an gyara su an sake samun takardar amincewa, kantuna kuma suka rasa kayan da za su sayar. XM, wanda ya shiga 2006 da hasashen samun masu biya miliyan 9, ya rage hasashen fiye da sau ɗaya, ya kuma rufe shekarar da kimanin miliyan 7.6. Sirius ya kai kimanin miliyan 6. Ba matsalar akwatuna kaɗai ce ta jawo haka ba, domin kasuwar kantuna dama ta fara sanyi, amma ta zo a daidai lokacin da amincewar masu saka jari ke raurawa. A cikin wannan shekara hannun jarin kowane ɗaya daga cikin kamfanonin ya yi asarar kusan rabin darajarsa.

Haɗewa da sharuɗɗanta

A watan Fabrairun 2007 kamfanonin biyu suka sanar da niyyarsu ta haɗewa, abin da ke nufin roƙon hukumar ta janye sharaɗin da ita kanta ta kafa a 1997. Wanda ke da laifi a gaban alƙali kuwa, ba ya neman alfarma da ɗaga murya. Ma'aikatar Shari'a ta amince a watan Maris na 2008, amma FCC ba ta yanke hukunci ba sai ƙarshen watan Yuli, da ƙuri'a uku bisa biyu, wato bayan wata 17. Kafin nan sai da kamfanonin suka yarda su biya kusan dala miliyan 20 domin rufe binciken akwatuna da tashoshin ƙasa, kuma kaso mafi tsoka ya faɗa kan XM. Har ila yau sun amince ba za su ƙara kuɗin wata daga dala 12.95 ba har tsawon shekara uku, kuma za su keɓe kashi 8 cikin ɗari na tashoshinsu ga shirye-shiryen ilmantarwa da na al'ummomin da ba su da wakilci sosai a harkar watsa labarai.

Sabon kamfanin, Sirius XM, ya fara da masu biya fiye da miliyan 18, da kuma bashin da ya haura dala biliyan 3. Watanni kaɗan bayan haka kasuwar lamuni ta duniya ta ƙafe, cinikin sababbin motoci, wanda shi ne babbar hanyar samun sababbin masu biya, ya faɗi warwas. A watan Fabrairun 2009 hannun jari ɗaya ya koma ƙasa da senti 10, kamfanin kuma yana dab da neman kariyar kotu daga masu binsa bashi. Kamfanin Liberty Media na John Malone ne ya cece shi da rancen da ya kai dala miliyan 530, ya kuma karɓi haƙƙin mallakar kashi 40 cikin ɗari. Kamfanin ya farfaɗo daga baya, masu biyansa suka haura miliyan 30, amma tsofaffin masu hannun jari sun riga sun sarayar da babban kaso na mallakarsu.

Nahiyar Afirka ma ta ga makamancin wannan ta fuskar kuɗi. Kamfanin WorldSpace na Noah Samara, wanda ya harba tauraron AfriStar a 1998, ya kasa tara isassun masu biya, ya kuma nemi kariyar kotu a watan Oktoban 2008.

Abin lura ga ɗan kasuwa

Tarar dala miliyan 20 ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada ta da kwangilar mutum ɗaya ta dala miliyan 500. Ainihin hasarar tana cikin kayan da aka janye daga kanti, da makamin da aka miƙa wa abokan hamayya, da kuma raunin matsayin kamfanin a lokacin da ya zo neman sassauci. Don haka mai niyyar saka jari a duk kamfanin da ke rayuwa da lasisi ya kamata ya binciki abubuwa uku a rahotonsa na shekara: ko izinin da yake aiki da shi na dindindin ne ko na wucin gadi, ko akwai binciken hukuma da bai kammala ba, da kuma ranakun da basussukansa za su cika. Idan ranar biyan bashi ta riga ranar hukuncin hukuma zuwa, mai ba da rance ne zai yanka farashi, mai hannun jari kuma shi zai biya.