Red Rum, dokin da ya gagari sa'o'insa

Wani mai sauraro daga unguwar Mabera a birnin Sakkwato yana tambaya: wane doki ne ya fi shahara a tseren tsallake shinge?

To malam, wannan tsere ya bambanta da sukuwar da aka saba gani a ƙasar Hausa, domin doki na gudu ne yana haye shingaye da ramuka. Gasar da ta fi suna ita ce Grand National, a filin Aintree kusa da Liverpool a Ingila: kimanin kilomita 7, tsalle 30.

Gwarzonta shi ne Red Rum, haifaffen Ailan a 1965. Ya lashe ta a 1973 da 1974 da 1977, ya zo na biyu a 1975 da 1976. A 1973 wani doki mai suna Crisp ya ba shi rata mai nisa, amma Red Rum ya kamo shi dab da ƙarshe.

Abin mamaki, da ciwon kofato ya zo hannun mai horar da shi, Ginger McCain, wanda ya riƙa sukuwa da shi a rairayin bakin teku a Southport har ƙafar ta yi sauƙi.

Ya mutu a 1995 yana da shekara 30, aka binne shi a bakin layin ƙarshe na filin Aintree.